Ranar da Rabi Ta Buɗe Kwamfutata a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta kakar tumatir ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina. A ranar na ci babbar nasara a karatuna, a ranar kuma na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ƙasar Kura ta ce ba ta san zancen ba.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin kwamfuta, a shekarun nan da wayar hannu ta gama shiga ƙauyukanmu, aka kuma buɗe kafe a Kura, wato shagon da ake biya a shiga intanet. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai kowa ya je ya buɗe imel, ko da babu mai aiko masa da komai. Ni ina aure a wani ƙauye gefen Bunkure, ina koyarwa, ina kuma shiga birni ɗaukar darasi. Maigidana manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Duk ranar da na tafi makaranta yaranmu biyu suna hannun mahaifiyarsa, Inna.

Bincikena a kan tsaron bayanai ne, musamman kalmar sirrin da mutum ke kulle imel ɗinsa da ita. Littattafan da muke karantawa duk ɓarawon nesa suke magana a kai, wani ƙato da ke zaune a wata ƙasa yana gwada kalmomi da inji. Ni kuwa na ce a wurinmu ɓarawon ba ya nesa, wanda kuke cin tuwo a kwano ɗaya ne. Da ɗan gari akan ci gari. Na ga wata abokiyar aikina da 'yar ɗakinsu ta buɗe mata imel, ta karanta saƙonninta kaf, ta je ta baje su a gidan suna. Babu inji, babu komai, sanin hali kawai.

Malamin da ke duba aikina, Dakta, mutum ne da dariya ke yi wa tsada. Ya karanta abin da na kai masa ya ture gefe.

"Malama, wannan hirar ɗakin malamai ce, ba bincike ba ne. Ina hujja?"

Na ce zan kawo. Ya ce shi da kansa zai zo ya ga gwajin. In ya ga abin a zo a gani, zai sa hannu in ci gaba. In bai gani ba, in canza maudu'i in faro daga farko. Ma'anar wannan ƙarin shekara guda ke nan, ga shi Inna ta fara tambayata, cikin raha dai amma da gaske, wai wannan karatun yana da ƙarshe kuwa. Na san in na koma mata da zancen ƙarin shekara, digirin nan ya tafi ke nan.

Kafin in ci gaba sai na faɗa muku wani abu game da gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da ya same ni ba. Dangin mijina Fulani ne da suka daɗe da zama, sun bar yawo amma ba su bar kunya ba. Maigidana shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "shi yayanku". Akwai wani dillalin tumatir mai irin sunan da ke zuwa gidanmu, shi ma "mai sunan nan" ya zama. Ni kuma da na shigo na tarar da layi na bi. Ƙawayena na birni suna kiran mazansu gatsau, ni kuwa "Malam" nake cewa, ko "maigidan". Ko a asibiti aka tambaye ni sunan miji sai dai in karɓi biro in rubuta.

To da na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta ce in sa kalmar sirri, sai na yi wani tunani da a lokacin na ɗauka ya fi na kowa zurfi. Na ce wace kalma ce babu mahalukin da ya taɓa ji a bakina? Ita ce ba wanda zai zato. (Ku tuna fa, mai wannan lissafin ita ce ke shirin koya wa jama'a tsaron bayanai.) Na sa abina, na ƙara masa ɗan kwalliya a ƙarshe, na ji daɗi har cikin raina.

Aka ba mu aron aji a wata Islamiyyar mata a Kura, wadda Inna ke cikin iyayenta. Na gayyaci mata masu imel daga Kura da Bunkure da Garun Malam, na ce kowace ta zo da wata 'yar'uwa ko ƙawa da ta san ta sosai. Tsarin mai sauƙi ne. Na haɗa wata 'yar manhaja a kwamfutata: mace za ta shigar da kalmarta a ɓoye, 'yar'uwarta ta zo ta yi canke sau uku, a ga ko za ta dace. Na ari majigi don kowa ya gani a bango, muka rataya farin zanin gado. Maigidan ya ɗauko janaretansa ya zauna a waje bakin taga yana gadinsa. Lasifikar makarantar kuma, irin mai bakin kakaki da ake sawa ranar saukar karatu, tana ɗaure a saman ƙofa, bakinta na kallon fadama inda lebura ke loda kwandunan tumatir a mota. Ban kula da wannan ba sam.

Na ci ado, na sha leshi, na ɗora gilashi. Dakta ya iso ya zauna a gefe da 'yar rikodarsa. Inna na sahun gaba a matsayin uwar taro. Kusa da ita Rabi, ƙanwar maigidan, malamar lissafi a sakandare, wadda tun ranar da aka kawo ni gidan ta ɗauki tsokanata a matsayin aikin gwamnati.

Na karɓi makirfo na zuba bayani. Wallahi na yi ƙoƙari. Na ce kada a sa sunan ɗa, kada a sa sunan gari, kada a sa lambar waya. Ina magana ina jin kaina yana ƙara girma, ganin yadda mata ke gyaɗa kai. Daɗin baki ya ɗebe ni, sai na ƙara wata doka da ba ta cikin tsarin da na kai wa Dakta. Na ce, "Kuma duk wadda aka buɗe tata, za ta tashi ta faɗi kalmar da bakinta a wannan makirfon, don 'yan'uwa su ɗauki darasi. Ai kalmar da aka buɗe ta riga ta mutu, ba a ɓoye gawa."

Na ce to bismillah, wa za ta fara.

Matan da ɗazu ke gyaɗa kai duk suka koma kallon ƙafafunsu. Wata ta shiga gyaran goyon da ba abin da ya same shi. Na sake kira, na yi raha, na yi roƙo, ba wadda ta motsa. Janareta kaɗai ke magana. Na saci kallon Dakta na ga ya duba agogo, ya rufe biro ya mayar aljihu. Na ga ƙarin shekara guda tana tahowa da gudu.

Sai na ce bari in karya musu tsoro. "To ku ga misali a kaina. Ga kwamfutata, na kulle ta. Kalma in ta ƙullu, ko wanda kuke kwana gida ɗaya ba zai iya ba. Duk mai ji da kanta ta fito."

Ban rufe baki ba Rabi ta miƙe, tana gyara mayafi a hankali kamar wadda aka kira karɓar kyauta.

"Matar Yaya, kin tabbata?"

"Zo ki gwada, malamar lissafi. Wannan ba ɗaya a tara da ɗaya ba ne."

Ta zauna. A bango ana ganin ɗigo-ɗigo ne kawai a madadin haruffa. Ta buga wani abu, kwamfuta ta ƙi. Na yi dariya a makirfo, na ce saura biyu. Mata suka ɗan saki jiki, har wasu na tafi. Ta sake bugawa, ɗigo shida suka jeru a zanin gadon nan, na ƙirga su sau biyu. Kwamfuta ta sake ƙi, amma wannan karon ban yi dariya ba.

Rabi ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Af, ya kika yi shiru? Na taɓo wurin ke nan." Ta yi murmushin mugunta. "Na san halinki. Ke da ko ludayin miya sai kin ce ludayina."

Ta sake buga shidan, ta ƙara haruffa biyu, ta danna. Kwamfutar da na saya da gumina, wadda nake goge wa ƙura da gefen zanina, ta buɗe wa Rabi har da ɗan kiɗanta na maraba.

Ajin ya ɗauki sowa. Ni kuwa ina tsaye da makirfo kamar an dasa ni. Dakta ya ɗaga hannu aka yi shiru, na ga ya ciro biron da ya mayar.

"Kada ki ce komai tukuna," ya ce wa Rabi. "Gidanku ɗaya. Ta yiwu kin taɓa leƙen hannunta, ko kun haɗa baki don a burge ni." Ya juya wajen Inna ya ɗan russuna. "Hajiya, ke kin taɓa amfani da wannan na'urar?"

"Ni, ɗan nan? Ko rediyo sai an kamo mini tasha."

"Madalla. To a ganinki, in surukarki za ta ɓoye kalma ɗaya wadda take ganin ba wanda zai zata, wace kalma ce?"

Inna ta kalle ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don idonta ya sauka ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ka tambayi wani. Wannan ba a bakina ba."

Dariyar da aka yi a ajin nan sai da tattabarun kan rufi suka tashi. Wata har da faɗowa daga benci. Babu wadda ba ta gane ba. Rabi na share hawaye ta ce, "Ai ba wuya, Dakta. Tambayar kaina na yi, mene ne bakinta ba ya faɗa. Duk garin nan an san amsar."

Na ɗauka an gama da ni ke nan, na fara laluben hanyar da zan ce mu ci gaba. Sai wata nas daga Garun Malam ta ɗaga murya daga baya.

"Malama, dokarki fa? Ke kika ce ba a ɓoye gawa. In kin faɗi taki, mu ma za mu fito. In ba ki faɗa ba, kowa ta kama gabanta."

Aka ce ƙwarai kuwa. Wanzami ba ya son jarfa, yau ga wanzami a hannu. Na dubi Dakta ko zai cece ni. Bawan Allah nan ya tura rikodarsa gabana, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce, "Tsarinki ne, Malama."

Ku auna mini. A dama ga Inna, matar da ta shekara fiye da talatin tana kewaye sunan nan kamar rijiya. A bakin taga ga mai sunan da kansa, ina hango hularsa. A hagu kuma ga ƙofa, na san in na ƙi, matan nan za su bi ta cikinta ɗaya bayan ɗaya, digirina ya bi bayansu. Na ji tsoro, na ji kunya, na kuma ji haushin kaina fiye da duka biyun.

Na kai makirfo baki na yi wani ɗan gunaguni da ni kaina ban ji ba.

"Ba mu ji ba," in ji na baya.

"Rikoda ma ba ta ɗauka ba," in ji Dakta.

Rabi ta kama kunne ta karkato kai. Wannan kama kunnen shi ya ƙona mini rai. Ni dama ba a taɓa ni in yi shiru, zuciya ta ɗebe ni, na ce a raina in za a mutu a mutu gaba ɗaya. Na gyara tsayuwa na buɗe murya irin ta ajin 'yan aji ɗaya (ko yanzu da nake rubutawa sai da na waiga):

"Nasiruna."

Lasifikar nan ba ta rage ko harafi ba. Ta ɗauki kalmar ta haye katanga da ita, ta tsallake kwalbati, ta sauke ta a tsakiyar masu loda tumatir. Na ji wani daga can nesa ya amsa da "Na'am". Hular da ke bakin taga ta nutse ƙasa. Inna ta miƙe, mayafi har haɓa, ta fice ba ta dubi kowa ba. Guɗa kuwa sai ka ce an kawo amarya.

Na so in bi Inna, na so in shige ƙarƙashin tebur, amma kafin in zaɓi ɗaya sai ga nas ɗin nan ta taho tana jan ƙanwarta. "Kin cika 'ya," ta ce. "Amma don Allah ki janye dokar faɗa. Me kike tsammani ya hana mu fitowa tun ɗazu?"

Nan take na gane. Ashe ba kwamfuta suke tsoro ba, makirfo suke tsoro, domin abin da ke cikin tawa shi ne a cikin tasu. Na janye doka. Mata suka yi layi.

Abin da ya biyo baya ko a mafarki ban tsara shi haka ba. Mace ta shigar da kalmarta tana kare allo da mayafi, 'yar'uwarta ta zauna, ta yi ɗan tunani, ta buga, sai ka ji ajin ya ɗauka. Ba duka aka buɗe ba, akwai waɗanda nasu suka gagara, amma waɗanda aka buɗe da yawansu hanya ɗaya ce: sunan miji, sunan ɗan fari, wata ma sunan surukinta. Da zarar an dace sai mai kalmar ta rufe fuska, ba sai an tambaye ta ba. Kowace na sa ta yi alkawarin zuwa kafe ta canza, na kuma nuna musu yadda ake haɗa wadda ba ta da alaƙa da kowa. Sun saurare ni fiye da ɗazu nesa ba kusa ba, tunda yanzu sun san ni ma mai laifi ce.

Dakta ya manta da agogonsa. Ya jawo kujera kusa da kwamfuta yana rubutu kamar ana binsa. Da aka tashi ya tsaya a bakin motarsa ya ce, "Na yi shekaru ina karanta takardu a kan kalmar sirri, ban taɓa ganin wanda ya kawo kunya a matsayin ƙofar shiga ba. Ki je ki rubuta tun da zafinsa. Litinin ki kawo in sa hannu." Sai ya ƙara da cewa, "Ki gaishe da mai sunan." Na rantse na ga gefen bakinsa ya motsa.

A babur muka koma gida da la'asar. Maigidan ya yi ta tuƙi har muka wuce gadar babban kwalbati. Can ya ɗan rage gudu.

"Ashe kin san sunan."

Na ce ya kalli hanya.

"Har da ƙari ma," ya ce, kafaɗunsa na rawa. Shi ma ya sha nasa rabon, domin har kakar tumatir ta ƙare lebura ba su daina ce masa, "Nasiruna, a ɗora wannan kwandon?" ba.

Inna ce damuwata. Kwana da kwanaki ina gaishe ta daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ita ma tana amsawa tana kallon bango. Wata safiya ina shirin fita ta kira ni, tana damun fura, ba ta ɗago ba.

"An dai ci abin?"

"An ci, Inna. Ya sa hannu."

"To alhamdulillahi. Da a banza aka faɗa, shi ne abin zai yi ciwo. Kawo yaran, kada ki makara."

Ranar kare kundina, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya daɗe a babi na huɗu. Ya yaba, ya ce a fitar da shi a mujalla, sannan ya ce, "Wannan mace ta farko da aka buɗe tata a gaban jama'a, ba ki rubuta kalmar ba. Mece ce?" Dakta ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Na gyara gilashi na ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idar bincike ta hana. Mai kalmar ba ta ba da izini ba." Ya gyaɗa kai ya ce wannan shi ne sanin darajar sirrin mutane, ya ƙara mini maki a kai.

Darasin da na koya bai fi a tafin hannu ba. Abin da duk gari ya ga kina kauce wa faɗa, kin riga kin faɗe shi tun tuni. Kuma kafin ki kafa doka a lasifika, ki fara aunawa a wuyanki. Kalmar sirrina ta yanzu tarkacen haruffa da lambobi ce da ba ta da dangi ko ɗaya a Bunkure, ni kaina sai na yi da gaske nake tuna ta.